Motar Baba Da Ta Ƙi Tashi

Na sha jin ku a tsakar gida kuna ba da labarin nan kuna ƙyaƙyata dariya, wai kakarku Inna ce ta kashe wa kakanku kwamfuta saboda ƙauyanci, wai ta zare waya ba ta san abin da ta zare ba, ta sa mutane wahala a banza. Har na taɓa jin ɗayanku yana kwaikwayon muryarta. Ban tanka ba, don a lokacin bakina bai shirya ba. Yanzu da furfura ta gama cin gemuna, ita kuma ta daɗe a ƙasa, ba zan bari ku tafi da labarin gidajenku a karkace ba. Ni na yi ta dakon akwatin kwamfutar nan a kan okada, wato acaɓa, bayana ne ya san nauyinsa, saboda haka ku yi shiru in faɗa muku yadda aka yi.

Baba, wato Alhaji Tanko, direban gingimari ne. Shanu yake ɗaukowa daga arewa ya sauke wa mahautan Inugu, ya koma da manja da garin rogo. Da rikici ya tashi ya gudu gida Wudil kamar kowa. Da yaƙin basasa ya ƙare kuma yana cikin na farkon da suka dawo Inugu, ya taho da Inna, ni ina goye a bayanta. Ya ce mata 'yan shekaru ne kawai, su ɗan tara abin da za su tara su koma. 'Yan shekarun nan ne suka yi ta miƙewa har na yi aure na fara haifar ku. Inna ta iya ciniki da harshen Ibo fiye da ni da na tashi a nan unguwar Ogui, amma har ta mutu idan ta ce gida, Wudil take nufi, inda ta baro yayarta Delu wadda ta raine ta. Shi kuwa Baba duk ranar da aka tayar da zancen komawa, amsarsa ɗaya ce:

"An kore ni daga garin nan sau ɗaya. Na biyu sai dai a makara."

A shekarun da kuɗin mai suka sake kwararowa, kowa yana sayen janareto da wayar hannu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi yana alwala. Ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da harshensa. Mutumin da ake jin muryarsa daga tashar mota ya koma ba ya iya cewa ruwa. Likita ya ce hannun zai iya dawowa idan ana motsa shi kullum. To, sai ka ce da bango ake magana. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita da hagu. Mai gashin ƙashi ya zo, Baba ya juya fuska ya rufe ido har bawan Allah ya gaji ya tafi. Abinci sai an yi lallashi kamar na yaye. Raina yakan ɓaci, tausayi kuma ya hana ni magana.

Ƙanwata Rakiya ce ta yi dabara. Mijinta ya samu aiki a wani kamfanin mai a Fatakwal, hannunsu ya buɗe. Sai ga saƙo a mota: kwamfuta sukutum da allonta, da sifikoki biyu ƙanana, da wani sitiyari na roba da ake ɗaurewa a bakin tebur, da faifan wasan tuƙin tirela. Na yi tsaki da na gani. Na ce mutumin da ya yi shekaru yana hawa tudun Lokoja da shanu a bodi, shi za a kawo wa kayan wasan yara? Amma na haɗa, don kada ta ce na raina mata. Na danna ɗan hoton motar da ke kan allo. Kiɗa ya fara tashi, sai ga gaban tirela, sai ƙarar inji. Wallahi ina tsaye na ga wuyan Baba ya miƙe. Ya yi min alama in matso da shi. Ya kama sitiyarin da hagu, ya ga kwana ba ta shiguwa da hannu ɗaya, sai ya ɗauko hannun daman nan da ya ƙi bari kowa ya taɓa, ya ɗora shi a kai da kansa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma tasha. Da hantsi yana hanya, da yamma yana hanya. Ya koyi danna hoton motar da kansa. Idan ya sauke kaya lafiya sai ya danna hon ya waiwayo mu, jira yake a ce sannu da hanya. Ya fara cinye tuwonsa. Yatsun daman suka fara lanƙwasawa kaɗan kaɗan. Sai dai ɗakinsa bango ɗaya ya raba shi da masallacin unguwa. Wata la'asar ana cikin sujada Baba ya sauke kaya, ya sakar wa jama'a hon. Liman mutum ne mai kawaici, sai kawai ya aiko a gaida Alhaji, a tambaye shi ya hanya. Inna ta ji saƙon kamar ta nutse don kunya. Washegari da safe ta shiga ta zare sifikokin ta kai ɗakinta. Ba ta ɓoye ba, ta faɗa min ina karyawa, na ce ta kyauta, ai tuƙi da ido ake yi.

Ku lura da wannan, don a nan shaiɗan ya shiga. A wannan safiyar dai, kafin Baba ya tashi, masu wuta suka kawo ta da ƙarfin hauka. Ƙwan falo ya fashe, fankar Inna ta yi hayaƙi. Da na kunna kwamfuta ta tashi lafiya, na yi hamdala. Na danna hoton motar. Allo ya yi baƙi kamar zai buɗe, ya ɗan ƙifta, sai ya dawo da ni inda na fito. Na sake dannawa, haka. Na kashe na kunna, haka. Wasan karta da ke ciki yana yi, hotunan bikin Rakiya suna buɗewa, komai ƙalau, motar ce kaɗai ta ƙi tashi. Ku gaya min, wane mai hankali ne zai bar wutar da ta ƙona fanka ya je yana tuhumar sifika? Baba ya jira har azahar yana kallon hannuna. Daga nan ya sa aka mayar da shi gado, ya juya wa duniya baya.

Ana cikin haka Baffa Sale, ƙanen Baba, ya zo dubiya daga Wudil. Ya tarar da yayansa kwance fuska a bango, kwanon abinci a rufe. Na yi ta ba shi labarin yadda hannun ya fara motsi a kan sitiyari, ya dube ni kamar wanda ya sha wani abu. Ya tara mu ya ce shi ba zai zuba ido ɗan uwansa ya ƙare a garin mutane ba, mutumin da ya daina motsi dangi yake bukata a kusa. Na tuna masa maganar makara. Ya ce wannan maganar mai lafiya ce. Baffa uba ne, ba ni da bakin yi masa musu, sai roƙo. Da ƙyar ya yarda a jira Babbar Salla ta wuce.

"Idan na dawo na ga hannun nan yana aiki, na bar muku shi," in ji shi. "In ba haka ba, Habu, da mota zan zo."

Baba yana jin komai. Na ga hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Akwai wani Emeka mai gyaran kwamfuta a bakin titin Ogui, mutumin kirki, mai yawan surutu. Na ɗauki akwatin kwamfutar kaɗai, tunda ya ce allo da sauran tarkace yana da nasa, na rungume shi a bayan okada. Emeka ya jona wayoyinsa, ya danna hoton motar, sai ga kiɗa, sai ga tirela tana huci kamar ba ita ba. Ya juyo yana murmushi.

"Oga Habu, see am now. Nothing do this machine."

Wai lafiyarta ƙalau. Na dawo gida da murna har ina ba ɗan okada labari. Na jona, na sa aka ɗago Baba, na danna. Baƙin allo, ƙiftawa, komawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na koma wurin Emeka, ta tashi. Na dawo gida, ta ƙi. Tun 'yan okadan bakin layinmu suna tausaya min har suka koma suna rige-rigen ɗaukata suna kirana mai akwati. Emeka ya ce ko cutar kwamfuta ce ta shiga, ya wanke ta. Ya ce ko faifan ne ya karce, na bar shagona na hau mota har babbar kasuwar Anacha, na yi ta kutsawa tsakanin 'yan dako har na samo sabo. Muka goge wasan muka sake sakawa. Ya ce katin hoton da ke cikin akwatin ne wuta ta taɓa, muka canza. Ya ce a ƙara mata ƙwaƙwalwa, muka ƙara. Ya share duk abin da ke cikinta ya zuba sabo, har hotunan bikin Rakiya suka bi ruwa, abin da ba ta yafe min ba har yau. Na sayi na'urar daidaita wuta. Na gwada da janareto. Kowane gyara a shago sai mota ta tashi, a gida sai ta yi min gwalo.

Ƙarshe na ɗauko Emeka da kansa, da allonsa a ka. Ya zauna a ɗakin Baba yana zufa, ya danna ya sake dannawa, ya buɗe nan ya rufe can, surutunsa ya ƙare. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce shi dai iliminsa ya ƙare, matsalar ba ta na'ura ba ce, ta gidanmu ce. Wannan kalma ita ta buɗe wa kowa baki. Mahaifiyarku ta ce ai dama ita tun farko jikinta bai ba ta ɗakin nan ba. Wani maƙwabcinmu mahauci ya ce baki ne, mutane sun yi ta zancen Alhaji ya samu sauƙi. Aka turara ɗaki, aka yi tofi aka yayyafa a kusurwoyi, da ƙyar na hana a yayyafa wa akwatin. Rakiya tana bugo waya daga Fatakwal tana tambayata ko na tabbata ina dannawa daidai, ni da yatsana ya kusa yin kanta. Kowa ya zama injiniya a gidan nan, kuma kowa idan ya gama bayaninsa ni yake kallo.

Mutum biyu ne kawai ba su ba da shawara ba. Inna, wadda da farko na ga fuskarta ta washe, tana zuwa kasuwa tana dawowa da ƙunshi, yau atamfa, gobe galan ɗin manja, tana turawa ƙarƙashin gado. Daga baya kuma sai ta yi shiru, idan na shiga ɗakin Baba da akwati sai ta tashi ta fita. Na ɗauka gajiya ce da jinya. Sai Baba, wanda ba shi da bakin bayarwa. Ana saura 'yan makonni Salla ya tsiro da wata sabuwa: da na zauna gaban kwamfutar sai ya riƙa jan kunnensa da hagu yana gurnani yana nuna ƙofa. Na ce ga wata kuma, kunne ya shiga layi. Na je kemis na sayo maganin ɗigawa. Na karkata kansa zan ɗiga, ya kai wa kwalbar duka ta tashi sama ta faɗa cikin kwanon miya. Ranar na fita waje na zauna a kan dakali ina huci, na ce wa kaina wannan tsoho da wannan na'ura sun haɗa baki ne su kashe ni.

Salla ta zo ta wuce, naman ma ban ji ɗanɗanonsa ba. Baffa ya cika alkawari, ya iso da bas da direba. Ya ɗaga hannun Baba ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. Ya ce mu shirya. Washegari da hantsi aka fara ɗaure kaya a kan mota, na Inna ne ma suka fi yawa. Aka sa wa Baba babbar riga da hula, muka ɗora shi a kujera za mu fitar. Da muka zo daidai teburin sai ya miƙa hagu ya cafke sitiyarin nan. Muka ja, tebur ya biyo mu. Baffa ya durƙusa yana lallashi, yana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, idan ya cire wannan sai wancan ya koma. Baba ba ya kallon kowa a cikinmu. Bakin ƙofa yake kallo, inda Inna take tsaye da mayafinta na tafiya.

Ta juya ta fita. Na ɗauka ba za ta iya kallo ba ne. Sai ga ta ta dawo da abu a naɗe cikin zane.

"Ku sake shi," ta ce.

Ta warware zanen, sifikokin nan ne. Ta durƙusa a bayan akwatin da na yi watanni ina wa bauta, ta soka wayar a raminta. Ba ta lalubi ramin ba, kai tsaye ta nufe shi. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Kai, kunna masa."

Na kunna don kada in yi mata musu a gaban Baffa. Na danna hoton motar ina jiran baƙin allon da na saba. Allo ya yi baƙi. Sai kiɗa ya tashi. Inji ya ɗauka har gilashin taga yana rawa. Baba ya saki wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ɗauko hannun dama da na hagu ya ɗora a kan sitiyari, muna kallo yatsun suka lanƙwashe a hankali suka riƙe. Ya fitar da tirelarsa daga tasha, ya sha kwana da hannu biyu, ya danna hon mai tsawo. Baffa ya daɗe a durƙushe yana kallon yatsun nan. Da ya miƙe sai ya share ido da hannun riga, ya ce Yaya dama tun suna yara ba a cin sa da taurin kai, ya leƙa waje ya ce wa direba ya kwance kaya.

Ni kuwa murna da haushi suka haɗe min. Sifika. Abin da ko a mafarki ban kawo ba. Daga baya da na gaya wa Emeka sai ya dafe kai ya ce ai haka ne, akwai wasannin da idan suka tashi ba su tarar da inda za su fitar da sauti ba sai su mutu nan take, shi kuma teburinsa kullum da sifika a jone. Na ce masa ya kyauta da ya tuna yanzu. Amma wannan daga baya ne. A ranar, ɗakin Inna na bi ta, na same ta zaune a bakin gado ta cire mayafi tana ninkewa. Na ce Allah ne ya sa ta gwada, da yanzu suna hanya.

"Ba yau na gwada ba," ta ce.

Ta ce wata Juma'a ce bayan zuwan Baffa na farko, duk mun tafi masallaci. Ta ga yadda ya kwanta, tausayi ya kama ta, ta ce bari ta mayar masa da abin ƙarar ko kiɗan kaɗai ya ji. Ta ɗago shi, ta jona, ya danna da kansa, mota ta tashi. Ya yi ta tuƙi yana dariya da rabin baki har ta ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci.

"Sai na ce a raina, shekara da shekaru ina jiran motar da za ta kai ni gida, yanzu ta zo, sai wannan ta ƙarya ce za ta hana ni? Na zare. Yana kallona na zare."

Sai a lokacin na gane jan kunnen nan da nuna ƙofa. Na tuna okada, na tuna Anacha, na tuna kwalbar magani a cikin miya. Maganganu suka cika min baki, kuma ba masu daɗi ba ne, don a ranar na ji haushinta iyakar jin haushi. Amma tana zaune tana shafa mayafin da ta saya don shiga Wudil, sai na kasa furta ko ɗaya. Yaran mota suna shigo da kayanta suna jibgewa. Da ta ga an ɗauko galan ɗin manja da ƙunshin atamfa sai ta ɗaga hannu ta ce a mayar da waɗannan cikin bas, a kai wa Yaya Delu, a ce mata tana nan tafe idan Alhaji ya ji sauƙi.

Baba ya ji sauƙi. Ya koma cin tuwo da damansa, har ya riƙa cewa ruwa, ya riƙa kiran sunana a karkace. Ya ƙara shekaru masu ɗan dama, kuma a Inugu muka binne shi kamar yadda ya faɗa. Yaya Delu kuwa ba ta ga ƙarshen damanar shekarar da aka kwance kayan nan ba. Saƙon ya zo Inna tana tsaka da jinya, babu wanda Baba yake yarda ya ba shi abinci sai ita, ko gaisuwar ba ta samu zuwa ba.

To, wannan ita ce matar da kuke kwaikwayon muryarta. Ta san abin da ta zare, ta kuma san abin da ta mayar. Sifikokin ba su sake barin teburin nan ba. Duk lokacin da ladan ya kira salla, ita ke ajiye abin da take yi ta shiga ta murɗa ta rage ƙarar. Idan liman ya sallame, ita ke komawa ta ƙara masa.